Ƙofar da ke kulle: abin da ke raba masu wasan almara na kan tebur

Wanda bai taɓa zama a teburin irin wannan wasa ba zai yi mamakin yadda masu yinsa ke tayar da jijiyar wuya a kan littattafan dokoki, domin in ka tsaya kana kallo ba abin da za ka gani sai hira. Mutum huɗu ko biyar ne a zaune. Ɗaya shi ne jagora, shi ke faɗin abin da ke cikin duniyar da aka ƙaga: ga kufan tsohon birni, ga kogo, ga dodo kwance a kan tarin zinariya. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, wannan mayaƙi, wancan matsafi, waccan ɓarauniya, yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. Ba mai cin wani kamar yadda ake yi a kati. Sai an zo inda ba a san yadda za ta kaya ba sannan a jefa ɗan lido. To in dai hira ce, ina ruwan wani da ko littafin Dungeons & Dragons aka buɗe ko na Pathfinder ko na RuneQuest?

Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, har ranar da na ja ragamar labari ɗaya da dokoki iri biyu, da mutanen nan dai da na saba zama da su. Labarin bai canja ba, amma su sun canja hali. Waɗanda a da suke faɗa wa kowane ɗaki da takobi zare sai ga su suna leƙe, suna kasa kunne, suna neman sulhu da dodo. Daga ranar na daina cewa dokoki ado ne.

Hanya mafi sauƙi ta ganin bambancin ita ce a ɗauki abu guda a bi da shi ta cikin tsare-tsaren. Ga ɓarauniya tsaye gaban ƙofa a kulle, masu gadi kuma na tafe.

A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, za ta jefa ɗan lido mai fuska 20, ta ƙara makin ƙwarewarta, ta nemi kai adadin da jagora ya yanka, a ce 15. In tana da ƙarin maki 7, abin da take bukata 8 ne ko sama, wato damarta 65 cikin 100. Abin lura a nan shi ne halin ɗan lidon kansa. Kowace fuska cikin ashirin ɗin nan damarta ɗaya ce, 5 cikin 100, ba ruwansa da tsakiya ko gefe. Saboda haka sa'a tana da faɗi ƙwarai, ƙwarewa kuma ba ta cika rinjayarta ba. A haɗa gwani mai ƙarin maki 5 da sabon shiga marar ko ɗaya su yi gasa, sabon shigan zai kayar da gwanin kusan sau ɗaya cikin huɗu. Masu ƙaunar wannan tsari a nan daɗinsa yake gare su: ihun da ake yi in 20 ta fito, dariyar da ake yi in ƙaton mayaƙi ya kasa ture ƙofar da siririn matsafi ya ture. Masu ƙinsa kuma abin nan ne dai ke ba su haushi. Sai ka ji mutum na cewa, na gina jarumar da ta shekara goma tana buɗe makullai, me ya sa take abin kunya sau ɗaya cikin uku?

Irin wannan mutum GURPS ce za ta kwantar masa da hankali, wasan da Steve Jackson ya fitar a 1986. A can 'ya'yan lido uku masu fuska shida ake jefawa a haɗa, kuma ana so jimillar kada ta wuce makin ƙwarewa. Hanyoyin da ukun za su iya faɗuwa 216 ne, yawancinsu kuma a tsakiya suke taruwa: 10 da 11 kowanne na da hanya 27, amma 18 hanya ɗaya tal gare ta. Mai ƙwarewa 10 damarsa rabi ce, mai 12 ya kai 74 cikin 100, mai 14 ya haura 90. Maki huɗu kacal sun raba ɗan koyo da gwanin da za a iya dogara da shi. RuneQuest, wadda kamfanin Chaosium ya buga a 1978, ta bi wata hanyar da ta fi kowace sauƙin bayani. In an rubuta 60 a gaban buɗe makulli, to damar 60 ce cikin 100, ba lissafi ba ƙari. Kuma ba aji ba mataki: ba wanda aka ce masa kai mayaƙi ne don haka ba ka taɓa sihiri.

Duk waɗannan ukun tambaya ɗaya suke yi wa ɗan lido, wato ta buɗe ko ba ta buɗe ba. Dungeon World ta 2012, wadda aka gina a kan Apocalypse World ta Vincent Baker ta 2010, tambayar ce ta sauya gaba ɗaya. Ana jefa biyu masu fuska shida. In aka samu 10 ko sama, an yi nasara lafiya lau. In 6 ce ko ƙasa, jagora ya samu damar jefo matsala. Tsakanin 7 da 9 kuwa, an samu abin da ake so amma da tsada: ƙofa ta buɗe, sai dai ƙarfen buɗewar ya karye a ciki, ko ƙarar ta kai kunnen masu gadi. Wannan tsakiyar tana da hanya 15 cikin 36 tun kafin a ƙara maki, saboda haka wasan kusan kullum a cikin ciniki yake, samu da rashi a jifa ɗaya. Jagora ba ya jefa ɗan lido don ya ga ko dodo ya sami jarumi, jifar ɗan wasa ita ke yanke komai. Labari ba ya tsayawa cik a bakin ƙofa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga duk wanda ya taɓa zama yana kallon mutum huɗu na jifa bi da bi a kan makulli ɗaya. Amma akwai masu jin wani abu na sukarsu a ciki, ni ma ina cikinsu wani lokaci. Masu gadin nan, dama suna nan ne, ko kuwa don an jefa 6 ne suka ɓullo? Wanda yake son ya ji duniyar na tsaye da ƙafarta, ko ya kalla ko bai kalla ba, wannan tambaya ba za ta bar shi ya sake ba.

Sai kuma tsohon hannu. A littafin farawa na Dungeons & Dragons da Tom Moldvay ya tsara a 1981, ɓarawo ɗan mataki na ɗaya damarsa ta buɗe makulli 15 ce cikin 100. Da farko sai ka ce wannan ai kuskure ne, wane irin ɓarawo ne haka? Amma zauna ka ga abin da lambar ke sa mutane yi. Tunda ɗan lido ba abokin tafiya ba ne, sai a guje shi. Ɗan wasa ya tambaya, ta wane ɓangare aka kafa ƙofar? Za a iya zare ƙusoshin? Akwai rata a ƙasa da za a leƙa? Mai gadin nan da muka gani yana hamma, nawa zai karɓa? Amsar ba ta cikin takardar jarumi, tana cikin kan wanda ke zaune.

Wannan duk batun jifa ne, kuma a kansa aka fi yin surutu. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi juya halin 'yan wasa shi ne abin da tsari ke biyan lada a kai.

A dokokin 1981 ɗin nan, kowane tsabar zinari da aka fito da shi daga kogo makin ci gaba ɗaya ne. Mayaƙi na bukatar maki 2,000 kafin ya hau mataki na biyu, ƙaramin dodon nan kuma da ake kira goblin maki 5 ne kacal in an kashe shi. Wato sai ya kashe 400 kafin ya motsa, alhali akwati ɗaya mai kyau zai iya kai shi rabin hanya. Ga shi kuma matsafi ɗan mataki na ɗaya makin ransa, wato yawan raunin da zai iya ɗauka, tsakanin 1 da 4 ake jefa masa, tsafi ɗaya gare shi a yini, sara guda na iya gamawa da shi, kuma da makin rai ya kai sifili an mutu ke nan. Mai hankali a irin wannan duniya ba ya faɗa sai dole. Yana sanɗa, yana yaudara, yana haɗa dodanni biyu faɗa ya kwashe kaya ta baya. A bugu na biyar kuwa, maki 300 ake nema don mataki na biyu, goblin ɗaya maki 50 ne, zinariya ba ta ƙara komai a ci gaba. Wanda ya faɗi ba ya mutuwa nan take, sai ya kasa jifar ceto sau uku, kuma barcin dare ɗaya na mayar da makin rai gaba ɗaya. Ba sai an ce wa kowa ya zare takobi ba, lissafin ya riga ya faɗa masa. Gaskiya ne tebura da yawa sun bar ƙirga maki, jagora ne ke cewa an hau mataki in an kai wata gaɓa a labari, amma yawancin baiwar da ke rubuce a takardar jarumi ta faɗa ce har yanzu.

RuneQuest kuma abin da ka yi amfani da shi shi ke ƙaruwa. In ka yi nasara da wata ƙwarewa a cikin tafiya sai ka sa mata alama, a ƙarshe ka jefa, in ka haura makinka na yanzu sai ta ƙaru. Kenan ɗan koyo na saurin gaba, gwani kuma da ƙyar yake ƙara taku, kamar dai yadda koyon kowace sana'a yake. Illarsa sananniya ce ga duk wanda ya ja wasan: za ka ga mutum yana sauya makami a tsakiyar faɗa ba don komai ba sai don ya sa wa kowanne alama. Dungeon World ita kuma a kan faɗuwa take biya, duk jifar da ta zo 6 ko ƙasa makin ci gaba ce, don haka 'yan wasanta ba sa tsoron gwada abin da ba su iya ba. Ron Edwards, wani mai tsara irin waɗannan wasanni, ya rubuta wata maƙala a 1999 yana jayayya cewa tsari na da tasiri a kan irin wasan da ake samu, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kanta. Ban yarda da duk rabe-raben da ya yi wa 'yan wasa ba, amma a kan wannan gaɓa lambobin da ke sama sun ishe ni shaida.

Gardamar da ta fi zafi a yau dai tsakanin 'yan gida ɗaya take, Dungeons & Dragons da Pathfinder, kuma ba za a gane ta ba sai an koma baya kaɗan. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan farko a 1974 ta kamfanin TSR a Amurka. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, kamfanin Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. Da bugu na uku ya fito a 2000 sai aka haɗa shi da wani buɗaɗɗen lasisi da ya ba kowa izinin gina nasa littafin a kan ƙashin dokokin. A 2008 Wizards ya kawo bugu na huɗu, wanda ya sake fasalin wasan sosai kuma ya zo da lasisi mai tsauri. Paizo, kamfanin da ya kasance yana buga wa Wizards mujallun Dragon da Dungeon har zuwa 2007, sai ya ɗauki tsofaffin dokokin ta ƙarƙashin lasisin farko, ya gyara, ya fitar da Pathfinder a 2009. Waɗanda ba su ji daɗin sabon bugun ba suka yi ƙaura can. Abin ya sake tashi a Janairun 2023, lokacin da daftarin sauya tsohon lasisin ya fita fili. Aka yi ca a kan Wizards har ya janye, ya kuma saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisin Creative Commons, Paizo kuma ya jagoranci samar da wani lasisin dabam. Don haka in ka ji wani na cewa ya fi son Pathfinder, wani lokaci ba zancen ɗan lido yake ba, zancen amana yake.

Amma ko an ajiye tarihi, bambancin na nan. Bugu na biyu na Pathfinder, na 2019, yana ba kowane jarumi motsi uku a zagayensa ya kashe yadda ya so: ya taka, ya kai sara, ya ɗaga garkuwa. Sara na biyu ana rage masa maki 5, na uku 10, don kada mutum ya tsaya yana sara kawai. Wanda ya haura adadin da ake nema da 10 ya yi babbar nasara, wanda ya gaza da 10 ya yi mummunar faɗuwa, shi ya sa ƙarin maki ɗaya tak ke da daraja, har abokan tafiya ke ɓata motsinsu don su samar wa juna shi. Kusan kowane mataki akwai sabon zaɓi. Ga mai son zama da littafi yana harhaɗa jarumi kamar mai haɗa inji, wannan aljanna ce. Babban littafinsa na 2019 shafi 640 ne, na Moldvay kuwa 64.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wa ke ɗaukar nauyin. Kauri irin na Pathfinder a wuyan 'yan wasa yake, dole kowa ya san abin da jaruminsa ke iyawa, amma jagora yana samun sauƙi, domin ma'aunin da aka ba shi na auna ƙarfin faɗa yana aiki, kuma in aka tambaye shi yadda ake kokawa ko tsalle akwai shafin da zai buɗe. Bugu na biyar akasin haka ne. Sabon ɗan wasa zai shiga cikin rabin sa'a, kuma dabarar nan ta jefa biyu a ɗauki mafi girma in yanayi ya taimaka, wadda ke ɗaga damar rabi zuwa 75 cikin 100, ta share tarin ƙananan lissafi a bugu ɗaya. Sai dai gurabe da yawa an bar wa jagora ya cike da kansa. Na lura masu yabon bugu na biyar yawanci 'yan wasa ne, masu guduwa daga gare shi kuma yawanci waɗanda suka gaji da jan ragamarsa ne.

Akwai kuma dalilin da ba shi da alaƙa da kyau ko muni. Wasa ne da ba a yinsa shi kaɗai, don haka tsarin da ka fi samun abokan yi shi ke cin kasuwa. Shirin Critical Role, da ya fara nuna wasansa kai tsaye a 2015, da Pathfinder 'yan wasansa suke yi a gida, suka koma bugu na biyar da za su fito gaban jama'a, kuma ɗimbin mutane ta nan suka fara ganin yadda ake wasan. Wanda ya fara da abu shi yake ɗauka a matsayin ma'auni. A Jamus mutane da yawa da Das Schwarze Auge, wadda ta fara fitowa a 1984, suka tashi, inda daga baya aka koma jefa mai fuska 20 har sau uku don gwada ƙwarewa ɗaya, abin da baƙo zai ga wahala ce su kuma suke ganin daidai. A Japan, Sword World ta 1989 da masu fuska shida guda biyu kawai take aiki, irin waɗanda kowa ke iya samu.

Ni dai tsohon hannun na fi so, shi da jikokinsa irin su Old-School Essentials da Shadowdark ta Kelsey Dionne, wadda ta fito a 2023. Dalilina bai wuce abin da na gani a ranar nan ba: ina son ganin mutane na tunani da kansu, ba suna duba takarda suna neman maɓallin dannawa ba. A Shadowdark, bakin wutar da jarumai ke haska hanya da shi sa'a ɗaya yake ci ta agogon gaske, ba ta cikin labari ba. Ka ga yadda doka guda ke kashe doguwar muhawara a bakin ƙofa, domin kowa na satar kallon agogo.

Ba zan ɓoye tsadarsa ba. Inda doka ta yi shiru, bakin jagora ne doka, kuma in aka samu jagora mai son kai ko mai mantuwa, wanda ya yarda da dabara yau ya hana irinta gobe, to 'yan wasa ba su da shafin da za su nuna masa. Kaurin littafin Pathfinder garkuwa ce gare su a irin wannan hali. Sannan akwai mutumin da wannan tsari ba nasa ba ne ko kaɗan. Wata da muke wasa tare ta zo da shafi uku na tarihin jarumarta, da sunan mahaifiyarta da ɗan'uwan da ya ɓace da rantsuwar da ta yi za ta nemo shi. A ɗaki na biyu jarumar ta taka tarko, ɗan lido ya nuna 5, makin ranta 3 ne. Na miƙa mata sabuwar takarda na ce minti biyar ya isa ta haɗa wata, kamar yadda ake yi. Ta karɓa, ta cike, ta ƙarasa zaman ba ta ce komai ba. Mako na gaba da za mu fara sabon labari, bugu na biyar na ɗauko, ta dawo da shafukanta uku, muka shafe wata takwas muna neman ɗan'uwan nan.